Ƙwayar Zarra a Tarko, da Rabon Ɗaliban Dutse



A shekarar 2022, masana a Cibiyar Max Planck da ke Garching a ƙasar Jamus suka tsare ƙwayar zarra guda ɗaya tak ta sinadarin rubidiyam a tsakanin madubai biyu, suna harba mata hasken leza. Duk harbi sai ta saki ƙwayar haske ɗaya, har suka kai 14, dukansu a sarƙe da juna. Ma'anar sarƙewar ita ce, abin da ka auna a jikin ɗaya yana da alaƙa da abin da za ka samu a jikin sauran, komai nisan da ke tsakaninsu. A shekarar ne kuma Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel kan wannan fanni na kimiyyar kwantam.

Mene ne amfaninsa ga mai shagon tura kuɗi a unguwar Takur da ke Dutse? Sirri. Mabuɗin saƙon da aka ƙulla da irin wannan haske, duk ɓarawon da ya leƙa shi a hanya sai ya bar sawu, domin aunawa kanta tana ɓata sarƙewar. Matsalar ita ce haske na shanyewa a cikin wayar gilashi, kuma ba a iya kwafarsa a ƙara masa ƙarfi kamar saƙon intanet na yau. Shi ya sa ake tsare zarra ta zama zango, ta riƙe bayanin har na gaba ya iso. Masanan jami'ar Munich sun riga sun sarƙe zarra biyu ta wayar gilashi mai tsawon kilomita 33.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfinmu. Ghana ce ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da ya mayar da 2025 shekarar kimiyyar kwantam. Jigawa ma ta rungumi fasahar sadarwa da wuri, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, kuma tun 2011 muna da Jami'ar Tarayya a nan Dutse.

Ba yau za mu tsare zarra ba, aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri. Amma leza da madubai da na'urar gano haske, waɗanda ɗalibin fiziks zai fara koyo da su, ba su gagari jiha ba. Muna roƙon gwamnati ta sayo su, ta tabbatar wa ɗakin gwaji da wutar da ba ta ɗaukewa, ta kuma ware wa masu karatun fiziks gurbi a tallafin karatu na ƙasashen waje.