Kafin ka biya kuɗin manhajar lissafi

Masu tallar manhajar lissafi sun cika Kantin Kwari da kasuwar Singa, kowa da kwamfutarsa a hammata, kowa na cewa tasa ta fi. Ina goyon bayan 'yan kasuwa su daina dogaro da littafin da ruwa ke jiƙawa, gobara ke cinyewa. Amma kada ka biya ko sisi sai manhajar ta ci jarrabawa a shagonka.

Ɗauko littafin makon jiya, ka sa yaron shagonka ya shigar da komai da hannunsa, mai tallar na gefe yana kallo. Atamfa ta shigo dila guda, ta fita turmi-turmi. Shadda kuma ana yankanta yadi-yadi. Manhajar ta san abin da ya rage a kan kanta? Wani Alhaji daga Maraɗi ya ɗebi kaya, ya turo rabin kuɗin ta banki, ya ƙara wani abu a hannu, ragowar sai ya dawo. Bashi da amana su ne ƙashin bayan cinikinmu. Manhajar da ba za ta faɗa maka nan take nawa kake bin Alhajin nan ba, da ranar da ya yi alkawari, ba ta dace da kai ba, komai sunanta a duniya.

Sai ka kashe intanet ka ga abin da zai faru. QuickBooks Online da Xero a intanet suke aiki, irin su TallyPrime kuma a cikin kwamfutarka suke zaune. Wanda ke wurin da sabis ke ɗaukewa ya san wannan tun da wuri. Ka kuma sa a goge ciniki ɗaya. Idan ya ɓace ba tare da an ga wanda ya goge da lokacin da ya goge ba, ka buɗe wa ɓarna ƙofa da kuɗinka.

Tambayi kuɗin shekara, kuma da wane kuɗi ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Masu biya da dala sun ji a jikinsu. Haraji ma yana nan: VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma a 2025 hukumar FIRS ta soma tsarin rasit na intanet da manyan kamfanoni. Mai hulɗa da su ya tambayi ko manhajar ta shirya.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar rabuwa. Kamfani yakan rufe, farashi yakan tashi. Ka sa a fitar maka da sunayen masu bashi da lissafin kaya cikin Excel, a gabanka, tun kafin ka biya. Idan aka ce ba zai yiwu ba, ka yi musu godiya ka sallame su, domin sunayen nan da alƙaluman nan jarinka ne.