Haɗa ƙaramar mota ba wasan yara ba ne, makarantar koyon awo ce

Duk wanda ya ga magidanci ya duƙufa a kan tebur yana manna tayar da ba ta kai murfin kwalba ba, zai iya cewa rashin aikin yi ne. Amma wannan abin da ake raina wa sana'a ce babba a Japan da Turai da Amurka, kuma tana koyar da abin da ya yi ƙaranci a garejoji da makarantun fasaha na Najeriya, wato kiyaye awo da haƙurin gama aiki.

Kamfanoni irin su Tamiya na Japan, Revell, Airfix na Ingila da Heller na Faransa suna sayar da kwali ɗauke da ɓangarorin mota na roba, wani lokaci sama da 100, haɗe da takardar umarni. Mai saye ne zai yanke su, ya goge, ya manna, ya yi fenti, har motar ta fito kamar ta gaske.

Awon da aka fi amfani da shi a motoci shi ne 1/24, ma'ana an rage komai sau 24. Volkswagen Beetle mai tsawon kusan mita 4 sai ta koma kusan santimita 17. A nan darasin yake: kuskuren milimita 1 a jikin ƙaramar motar daidai yake da giɓin santimita 2.4 a jikin ta gaske. Babu mai mota da zai karɓi ƙofar da ta bar irin wannan rata daga hannun mai gyara.

Aikin kansa bai yarda da gaggawa ba. Ana fara yanke kowane ɓangare daga sandar robar da yake maƙale a jiki, a kankare layin da injin zuba roba ya bari, a bi da samfefa mai laushi. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, don haka idan ya yi yawa sai ya ci jikin motar, idan ya taɓa gilashi sai ya dusashe shi. Ɓangarorin da aka yi wa rufin ƙyalli, kamar bamba, sai an kankare wurin da za a manna kafin gam ya kama.

Fenti kuma tsarinsa ɗaya da na fentan mota: shafin farko, sannan launi a fesa shi sama-sama sau da yawa, a bar kowane shafi ya bushe, a rufe da mai sheƙi, a goge. Wanda ya zuba fenti da kauri don ya gama da wuri zai binne hannun ƙofa da layin bonet. Sauri ya haifi nawa.

Inda gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo shi ne ƙarin abubuwan da ba su zo a kwali ba. Wayar filogi ta gaske kaurinta kusan milimita 7 ne, don haka mai haɗawa zai nemi waya mai kaurin milimita 0.3, ya huda injin, ya jera ta. Kafin ya jera dole ya san wace waya ke zuwa wane filogi. Idan Beetle yake haɗawa, zai gano cewa injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, ba ta da lagireto. Wanda ya gama wannan ya san mota fiye da direbobi da yawa.

Su kansu kamfanonin ba da wasa suke yi ba. Tamiya, wanda ya fara a 1946 a matsayin kamfanin katako a Shizuoka, ya taɓa sayen Porsche 911 ya kwance ta gaba ɗaya don ya auna ɓangarorinta kafin ya fitar da ƙaramar Porsche 934 a 1976. Har yau manyan kamfanonin ƙera motoci suna sassaƙa samfuri da wani irin yumɓu kafin su amince da siffar sabuwar mota. Wannan ita ce duniyar da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna wajen zana Chevrolet Volt, ya yi aiki a ciki.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron da ya yi motar kara ko ta langa-langa, ya yanka tsohon silifas ya yi taya, ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari, ya riga ya kama hanya. Abin da ya rasa shi ne ma'auni da wanda zai ce masa: auna kafin ka yanka. Yanzu ma wannan ɗan abin yana ja baya a birane, inda waya ta karɓe hannun yara.

Akwai kuma batun tarihi. An fito da Fijo 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1975. A shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, yayin da ake harhaɗa Beetle a Legas. Motar da ta yi wa gwamnati da 'yan tasha hidima shekara da shekaru yau tana ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana sayar da ita a kilo.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne kuɗi, kuma gaskiya ne. Daga waje ake shigo da kwalayen, da dala ake sayensu, ga kuɗin fenti da na dako. Mahaifin da ke fama da kuɗin makaranta ba zai saka wannan a lissafi ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Sai dai tsadar kwali ba ta hana ɗaukar darasin. Kwalejin fasaha na iya sayen kwali biyu ko uku ɗalibai su haɗa a rukuni. Wanda ya fi wannan ma, malami ya kai ɗalibansa wurin tsohuwar 504 da ke ajiye a gareji, su auna ta da tef, su raba kowane awo gida 24, su zana, su yanka daga kwali ko gwangwani ko falankin roba. Tsawonta kusan mita 4.5 ne, don haka samfurin zai kai kusan santimita 19. Lissafi da zane da aikin hannu sun haɗu a darasi ɗaya, kuma kayan aikin ba su wuce reza, rula, samfefa da gam ba. Makarantun da ke da na'urar buga abu mai siffa uku na iya fitar da tayoyi da fitilu da ita.

Ana yawan maganar farfaɗo da masana'antar ƙera motoci a Najeriya. Masana'anta ba gini da injina kaɗai ba ce, tana buƙatar hannayen da milimita 1 ke damunsu. Irin waɗannan hannaye ba sa samuwa rana ɗaya. Da hukumomin ilimin fasaha za su saka gasar haɗa samfurin mota a tsakanin makarantu, a yi hukunci da ma'auni ba da tafi ba, da an fara renonsu tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.