Kafin ka sayi Dory, tambayi ɗakinka

Idan kana cikin masu kwana a TikTok, na san ka ga irin bidiyon nan: akwatin gilashi cike da ruwan teku, murjani mai rai yana kaɗawa, ga wani kifi shuɗi fes yana kai da komo kamar sarki a fada. Nan take zuciyarka ta ce ai wannan zai dace da ɗakinka a Madabo. Ban ga laifinka ba, unguwar da samarinta suka saba da kiwon tattabaru ba za a koya musu son dabba ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake zaɓen babban kifin, wanda zai zama abin kallo a akwatin. Yawancin mutane da ido suke zaɓa, alhali girman akwatin da yanayin ɗakin ne ya kamata su yanke hukunci.

Ɗauki shuɗin kifin nan da yara ke kira Dory, saboda fim ɗin Finding Nemo na 2003. A shago za ka gan shi ɗan mitsitsi, bai kai tafin hannu ba. Amma yana girma har kusan santimita 30, kuma a teku yini yake yana iyo yana kiwo. Masu kiwonsa na ba shi akwati mai tsawon kusan mita biyu, ruwa lita 600 ko fiye. Lissafa da jarkar 'yan garuwa mai lita 25: jarka 24 ke nan. Nauyin ruwan kaɗai ya haura kilo 600, ban da gilashi da duwatsu. Wane benen azara ne a cikin birni zai ɗauki wannan? Kai, ta wane lungu ma za a shigo da shi? Sannan kifi ne mai saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo, maganinta kuma da sinadarin tagulla ake yi, wanda ke kashe murjani. Ka ga sai ka tanadi akwati na biyu don jinya.

Sauran masu ɗaukar ido ma kowa da halinsa. Kifin zaki, mai gashi-gashin nan, ƙayarsa na da dafi, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa ya zama abinci. Da yawa daga waɗanda ake kira kifin mala'ika kuwa tsattsagar murjanin da ka saya da tsada suke yi.

Amma babbar matsalar ba ta kifin ba ce, ta Kano ce. Murjani na son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana. A watan Afrilu garin nan na haura digiri 40, da hunturu kuma asuba kan yi sanyin da sai an ɗumama ruwan. Wato kana bukatar na'urar sanyaya ruwa, da ta ɗumamawa, da famfo mai juya ruwa ba tsayawa, da fitila ta musamman. Ruwan gishiri bai riƙe iska kamar ruwan daɗi, ruwan ɗumi kuma ya fi ƙarancin iskar. A ɗauke wuta da azahar a lokacin bazara, kafin magariba kifayen sun taru a sama suna haki. Wanda ba shi da sola da batir da za su riƙe wannan kaya har gari ya waye, gaskiya kabari ya gina da gilashi.

Ruwan ma aiki ne. Kowace lita na son gishiri kusan giram 35, kuma ba gishirin miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje. Akwati mai lita 200 zai ci kilo 7 tun cikawar farko, ga canjin ruwa da ba ya ƙarewa. Ruwan burtsatse sai an tace shi da na'ura. Iskar hunturu na shanye ruwa ta bar gishiri, don haka kullum sai ka ƙara tataccen ruwa, in ba haka ba gishirin ya yi yawa.

In duk ka ji ka gani, kana da wuta da kuɗi da haƙuri, to shawarata ɗaya ce: ka sayi Nemo guda biyu, kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane. Ba ya wuce santimita 11, lita 100 ta ishe su, ba ya taɓa murjani, yana cin abincin gwangwani. Yana da abin mamaki ma: wanda ya fi girma a cikin biyun shi ke rikiɗa ya zama mace. Ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, an daɗe ana yin haka tun shekarun 1970. Na teku kuwa, a wasu yankunan Filifin da Indunusiya da guba ake sumar da kifi a kama, ya iso hannunka da ciwo a ciki, murjanin wurin kuma ya mutu. Sannan kar ka zuba kifi ranar da ka cika ruwa. Bar akwatin ya yi mako huɗu zuwa shida, ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi su kafu tukuna.

Ni dai in ka tambaye ni, na fi so ka fara da namu. Abin haushi, Turawa na biyan kuɗi a kai musu kifayen Najeriya daga Legas, mu kuma muna hangen na tsibiran Asiya. Akwai kifi mai doguwar haɓa kamar haurin giwa, wanda ke laluben hanya da 'yar wutar lantarkin jikinsa. Akwai kiribensis na kudancin ƙasar nan, mai jan ciki, wanda uwa da uba ke kiwon 'ya'yansu tare kana kallo. Ga kurungu, wanda wani nau'insa ke iyo a rigingine. Duk ruwan daɗi suke so, ba ruwanka da gishiri ko fitilar murjani, kuma ƙaramin famfon iska mai batir zai riƙe su in wuta ta tafi. Minjirya ce kawai zan ce ka ƙyale, musamman in akwai ƙannenka masu tsoma hannu a komai.