Kwaɗon da ya riƙa kashe kwamfutar Pathfinder a duniyar Mars

A ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta fara mutuwa tana sake tashi, ayyukan yini suna tsayawa cik.

Kwamfutar tana aiki da VxWorks, manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci bisa fifiko: da zarar babban aiki ya shirya, sai a ture ƙarami gefe. To amma akwai hanyar musayar bayanai da ayyukan ke tarayya a kanta, an kuma sa mata kwaɗo don kada biyu su taɓa ta lokaci guda su dagula ta. Aikin tattara bayanan yanayi, mai ƙaramin fifiko, ya kulle kwaɗon. Kafin ya buɗe, ayyuka masu matsakaicin fifiko suka ture shi. Babban aikin rarraba bayanai ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya tsaya jira. Wato na tsakiya, waɗanda ba ruwansu da kwaɗon, su suka tare babba. Da wa'adinsa ya wuce, sai aikin da ke sa ido ya ɗauka na'urar ta lalace, ya sa aka sake tada ta.

An san maganin tun kafin nan. Sha da Rajkumar da Lehoczky sun fayyace shi a 1990. Mai riƙe da kwaɗo yakan ari fifikon wanda ke jiransa har ya gama ya saki. VxWorks tana da wannan dabara, a kashe kawai take a kan kwaɗon. Injiniyoyin JPL suka maimaita matsalar a ɗakin gwaji, suka aika gyara daga ƙasa.

Masu suka na cewa aron fifiko yana cin lokaci, yana kuma rufa wa mummunan tsari asiri. Akwai gaskiya a ciki. Amma a na'urar da jinkiri ke iya kai rai, kamar birkin mota ko na'urar taimakon numfashi, ina ganin a kunne ya kamata ya zo tun farko, mai son kashe shi kuma ya kawo lissafin iyakar jiran da babban aiki zai yi. Tafarkin da Linux ta bi ke nan da ta karɓi PREEMPT_RT a sigar 6.12 a 2024: idan aka zaɓi wannan tsari, akasarin kwaɗunan zuciyar manhajar sukan koma masu aron fifiko.