Gidan Edwards: Banki A Hannun Dama, Jarida A Hannun Hagu

Duk lokacin da aka taɓa aljihun manyan attajirai, sai ka ji jaridunsu sun ɗaga murya wai ana tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Mai son ya gane wannan yaudara, ya dubi tarihin gidan Edwards na ƙasar Chile da ke Kudancin Amurka.

Kakansu, George Edwards, Baturen Ingila ne da jirgin ruwa ya kawo shi ƙasar a 1804. Ɗansa Agustin ya yi arziki da ba masu haƙar tagulla da azurfa bashi, har ya kafa banki da sunan gidansu a garin Valparaiso. Da kuɗi suka taru, sai jikan ya mallaki jaridar El Mercurio ta wannan gari, wadda ake bugawa tun 1827. A 1900 suka kafa wata mai wannan suna a Santiago, babban birni. Daga nan banki ya riƙa ciyar da jarida, jarida kuma ta riƙa gadin banki.

Ko yaƙin 1879 da hannunsu a tushensa. Suna cikin manyan masu jari a kamfanin Antofagasta mai haƙar ma'adinin da ake taki da albarushi da shi. Bolibiya ta ɗora wa kamfanin ɗan haraji, kamfani ya ƙi biya, sai sojan Chile suka mamaye garin. 'Ya'yan talakawa suka mutu a fagen fama, Bolibiya ta rasa bakin tekunta har yau, masu jari kuwa suka ci gaba da lissafin riba.

Amma inda asiri ya tonu sarai shi ne 1970, lokacin da jama'a suka zaɓi Salvador Allende, wanda ya yi alkawarin mayar da tagulla da bankuna hannun gwamnati. Ko rantsar da shi ba a yi ba, Agustin Edwards Eastman, magajin gidan a lokacin, ya garzaya Washinton ya gana da Richard Helms, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA. Ranar 15 ga Satumba, Shugaba Nixon ya ba da umurni a hana Allende hawa mulki. Da abin ya gagara, sai aka koma wa jarida. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na 1975 ya tabbatar an ware wa El Mercurio dala 700,000 a 1971, da wasu dala 965,000 a 1972. Jaridar da ke kukan ana neman toshe mata baki, ashe bakin nata cike yake da dalar baƙi!

Ranar 11 ga Satumba 1973 sojoji suka kifar da gwamnati, Janar Pinochet ya ɗare kujera. Aka rufe jaridun da ke goyon bayan Allende, na Edwards kuwa ba wanda ya taɓa su. Ina 'yancin da suke iƙirarin karewa? Mutum sama da 3,000 aka kashe ko aka ɓatar a mulkin. A 1975, da azzalumai suka so ɓoye kisan mutum 119, suka ƙaga labarin wai sun karkashe juna ne a ƙasashen waje. Jaridun gidan suka yayata ƙaryar, ɗayarsu, La Segunda, har da kamanta mamatan da ɓeraye, alhali iyayensu na yawo daga bariki zuwa bariki suna cigiya.

Sai a 2015 ƙungiyar 'yan jaridun Chile ta kori Edwards daga cikinta. Ya mutu a 2017 yana ɗan shekara 89, bai taɓa kwana a kurkuku kan wannan ta'asa ba. Bankin ya narke cikin wani banki, amma jaridar tana nan tana fita kullum.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka gaskata kanun labari, tambayi wane ne mai jaridar, kuma ina yake ajiye kuɗinsa.