Kai Aikinka Jakar Haɗaka, Amma Bar Asali a Wurinka

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗalibi ba ya jiran shiga jami'a kafin ya saba da na'ura. Wannan makon za mu duba yadda ake miƙa wa malami aiki a ɗakin kwamfuta.

Inda aka haɗa na'urorin ɗakin da kebul, malam kan buɗe jaka guda a kwamfutarsa, ya ba kowa izinin shiga. Ita muke kira jakar haɗaka, kuma ba ta cin data ko kaɗan. Aikin da ka adana a taka kwamfutar kuwa yana cikin faifanta na C, malam ba zai gan shi ba sai ka kai masa. Kaiwar ba wuya: zaɓi fayil ɗin, danna Ctrl da C, buɗe jakar haɗaka, danna Ctrl da V.

Inda gizo ke saƙa shi ne, X na maƙwabtaka da C. Ctrl da X yankewa yake yi: da zarar ka manna a can, fayil ya bar kwamfutarka. Ita ko jakar haɗaka akushin zaure ce, kowa na sa hannu. Abin da ka goge a kwamfutarka yana faɗawa kwandon shara, kana iya tsamo shi. Wanda aka goge a jakar haɗaka daga wata kwamfuta, Windows ba ta kai shi kwando, ya tafi kenan. Ka ga idan yanke naka ka yi, wani kuma ya goge bisa kuskure, aikin zango guda ya salwanta, makinsa ma ya bi shi. Mutanen Wurno ba sa buƙatar dogon bayani: littattafan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837, sun iso mana ne saboda an yi ta kwafar su da hannu, kwafi ya watsu a gidajen malamai.

Sai batun suna. Ɗalibai goma kowa ya raɗa wa nasa “aiki”, kwamfuta za ta tambaya ko a maye gurbin na farko. Kada ka amsa da gaggawa, na ɗan'uwanka za ka danne. Sa ajinka da lambarka da darasi, misali SS2A-14-Kimiyya.

Kafin ka tashi, buɗe fayil ɗin daga cikin jakar haɗaka ka gani da idonka, musamman in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi. In kuma ka ga 'yar kibiya a gindin alamarsa, manuniyar hanya ka kwafo, aikin yana can gida. Koma ka ɗauko shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.