Hedimasta Ba Ya Ɗaukar Jinka Shi Kaɗai

Akwai wata tsohuwar al'ada a makarantun boko na ƙasar nan wadda aka gada tun zamanin En'e, watau ɗaukar hedimasta tamkar wani ƙaramin hakimi. Shi ke riƙe da mabuɗin sito, shi ke raba alli, shi ke tsara lokutan darussa, shi ke cewa wane zai riƙi aji kaza. Malamai kuwa sai dai su wayi gari ran Litinin su tarar da sanarwa a manne a ƙofar ofis. A wancan zamani abin bai zama cikas ƙwarai ba, domin makarantu ƙanana ne. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, shekarar da aka kafa Jihar Gongola, yara suka yi ambaliya cikin ajujuwa, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, al'adar kuwa ta ƙi gushewa.

Mubi wuri ne da ya dace a dubi wannan magana. Ba baƙuwar ilmi ba ce, ita ce hedkwatar tsohon Lardin Sardauna, tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979 da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002. Sa'an nan gari ne na bakin iyaka da Kamaru, mai tara kabilu. A aji guda na firamare ana iya samun ɗan Fali da ɗan Gude da Bafulatani da ɗan Margi da ɗan Higi da Bahaushe, kowa da harshen da ya baro a gida. Malamin da ke tsaye gabansu kullum shi ya san wanda bai ji Hausa sosai ba balle Ingilishi, shi ya san ranar da kasuwar shanu ke kwashe masa rabin yara maza, da watan da aikin gona ke rage masa aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, in an tsara shekara guda ba a tambaye shi ko kalma ɗaya ba, ashe an zubar da ilmin da babu shi a cikin kowace takardar Ma'aikata.

Masana sun daɗe suna auna wannan abu. A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Albert Bandura, ya bayyana cewa imanin da mutum ke da shi a kan cewa zai iya aikinsa yana da tasiri a kan irin ƙoƙarin da zai yi da yadda zai jure wahala, kuma babu abin da ke gina wannan imani kamar mutum ya gwada abu da kansa ya ga ya ci nasara. Malamin da ba a taɓa bari ya yanke shawara ba, ina zai sami wannan? Har ila yau, a 2013 ƙungiyar OECD ta yi wa malamai fiye da 100,000 tambayoyi a ƙasashe sama da 30, aka tarar waɗanda ke da ta cewa a harkokin makarantunsu sun fi jin daɗin aiki, kuma a mafi yawan ƙasashen sun fi amincewa da iyawarsu. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka auna, kuma binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare ne, bai tabbatar da wanda ya haifi wani ba. Duk da haka, ba sai an je Turai za a gane shi ba. Alaramman tsangaya tun kaka da kakanni yana damƙa wa gardawa biya wa ƙolawa karatu, kuma ta haka gardi ke zama malami.

Abin da ya faru a 2014 ya ƙara wa maganar nauyi. Ran 29 ga Oktoba 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru. Cikin Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin. Makarantar da aka sake buɗewa bayan irin wannan tashin hankali, matsalolinta ba na littafi ba ne kaɗai. Wane yaro ne ya rasa zango guda, wanne ne ya rasa uba, wacce yarinya ce iyayenta ke tsoron sake turo ta? Babu wata takarda daga Yola da za ta amsa wannan, babu kuma hedimastan da zai san amsar yara ɗari-ɗari shi kaɗai. Sai malamin aji.

Gwamnati ta yi wani yunƙuri da ta kawo kwamitocin kula da makarantu, inda iyaye da masu unguwanni da wakilan malamai ke zama tare da hedimasta. Abu ne mai kyau, sai dai ya fi buɗe ƙofar waje, ta cikin gida tana nan a sakaye. Akwai kuma wata yaudara da ya kamata a lura da ita. Wani shugaban yakan ɗora wa malami aikin jarrabawa da na wasanni da na tsabta, ya ce ai ya raba mulki, alhali ko sayen tsintsiya sai an jira sa hannunsa. Wannan ƙarin kaya ne kurum, kuma ya fi saurin kashe zuciya.

Kada a ce shawara za ta maye gurbin albashi. Malamin da hakkinsa ya makara, ga kasuwar Mubi tana ci kusa da shi, taron malamai ba zai riƙe shi ba. Amma albashi yana hannun Gwamnati, shawara kuwa tana hannun hedimasta, ba ta cin ko kwabo. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Mutumin da za a riƙe tsawon wannan lokaci ya cancanci a zauna da shi a farkon kowane zango a tsara darussa tare, a buɗe masa littafin kuɗin makaranta, kuma in an ba shi sashe a bar shi ya yanke hukunci a cikinsa. Hukumomin ilmi na Yola, su kuma, in za su naɗa hedimasta, sai su tambayi malaman da suka yi aiki a ƙarƙashinsa sau nawa ya kira su taro a bara, da abin da aka zartar a taron.